Kujera Kafin Littafi: Jarrabawar Lissafi Mai Zurfi ga Wanda Ya Koya wa Kansa a Jidda

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

 

Shirin yau na iyaye ne da 'ya'yansu mazauna Jidda, musamman waɗanda ke can arewacin gari, Abhur da unguwannin da ke kewaye da ita. Amma wanda yake Makka ko Madina, ko ma Kano ko Maraɗi, kada ya murɗa rediyonsa, domin yawancin abin da za a faɗa ya shafe shi. Magana ce a kan yaro ko yarinyar da Allah ya buɗe wa kai a lissafi, ya zauna a ɗaki da littafi da wayar hannu ya koya wa kansa abin da makarantarsa ba ta koyarwa, yanzu kuma yana neman takardar da za ta tsaya masa shaida. Darasin shi ne lissafi mai zurfi na matakin A Level, wanda a fom ɗin rajista za a ga an rubuta Further Mathematics.

Irin waɗannan yara ba su da yawa, amma akwai su a gidajenmu. Wani yana makarantar da ke bin manhajar Birtaniya, sai dai su biyu ne rak a ajinsu suke son darasin, makarantar kuwa ba za ta ɗauki malami don mutum biyu ba. Wata ta gama sakandare a makarantar Larabci, tana gida tana jiran abin da Allah zai yi, ta ƙi yarda shekarar ta wuce a banza. Wani kuma aljihun mahaifinsa ne ya gaza. Kowa a nan ya san yadda kuɗin iyali da ake biya kan kowane mutum ɗaya ya fara daga riyal 100 a wata a 2017, ya hau har riyal 400 a 2020. Magidancin da ke biyan wannan kan mata da 'ya'ya biyar, in aka kawo masa maganar makarantar kuɗi ta Turawa, sai dai ya yi murmushi.

Abin da ke kayar da irin wannan yaro ba lissafin ba ne. Lissafin ya iya, shi ya sa ma ya faro shi ba tare da wani ya sa shi ba. Abin da ke kayar da shi takarda ce da ranar wata. Sai ya shafe wata goma yana fama da littafi, ranar da ya ji ya ƙoshi ya ɗago kai ya ce, to ina ake zana jarrabawar? Sai a ce masa ai an rufe rajista tun watanni uku da suka wuce. Ko a ce littafin da ya haddace na wata hukuma ce daban, ba wadda ake zanawa a Jidda ba. Maniyyaci kujera yake fara biya, sannan ya tafi kasuwa neman harami. Haka ɗan jarrabawar da ba shi da makaranta: ya san inda zai zauna, da hukumar da zai zauna wa, da ranar, sannan ya buɗe shafin farko.

Neman shaida a kan ilimi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malamanmu na da sukan ratsa Sahara su zo wannan ƙasa ta Hijaz su zauna gaban manyan malamai, su koma gida da ijaza a cikin gafaka. A cikin waɗanda suka biyo wannan hanya har da masanin hisabi Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashnawi, mutumin Katsina, wanda ya zo aikin Hajji, ya yi rubutu a kan yadda ake tsara hatimin lambobi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. A zamaninmu kuma ga Chike Obi, wanda aka haifa a Zariya a 1921. Ya yi digirinsa na lissafi a matsayin ɗalibin waje na Jami'ar Landan, wato ya yi karatunsa ba tare da ya zauna a ajinta ba, jarrabawarta kawai ya zana. Daga nan ya wuce Kambirij ya samu digirin digirgir a 1950, ya zama ɗan Najeriya na farko da ya kai wannan mataki a lissafi. Da ya tsaya a karatun ɗaki kawai bai nemi zauren jarrabawa ba, da ba mu ji sunansa ba.

Tambayar farko ke nan da uba zai zaunar da ɗansa ya yi masa: takardar nan, ina za ka kai ta?

In gida Najeriya za a kai ta, ƙofar ita ce shiga jami'a kai tsaye aji biyu ta hannun JAMB. Nan A Level ɗaya ba ta wadatarwa. Yawanci ana neman aƙalla darussa biyu da suka dace da kwas ɗin, kuma ana neman kiredit biyar na sakandare, da Turanci da lissafi a ciki. JAMB ta tsananta tantance takardun A Level saboda jabun da aka yi ta kamawa, don haka sunan da ke kan takardarka da wanda ke kan lambarka ta NIN dole su zama ɗaya. In kuma jami'ar Saudiyya ake nema, akwai batun daidaita takarda a ma'aikatar ilimi, wanda a nan ake ce wa mu'adala, ga kuma jarrabawar Ƙudurat da Tahsili ta cibiyar Ƙiyas. A Level ba ta ɗauke wa mutum waɗannan ba sai in jami'ar da kanta ta ce ta ɗauke. In Birtaniya ce, neman gurbi ta UCAS ake yi, kuma mai son Oksifod ko Kambirij ko likitanci tsakiyar Oktoba ake rufe masa ƙofa, kusan shekara guda kafin a fara karatu. UCAS tana neman wani malami ya rubuta shaida a kanka ya kuma yi hasashen makin da za ka ci, ba ta karɓar ɗan'uwa ko aboki. Wanda ya koya wa kansa ba shi da wannan malami, sai ya neme shi tun da wuri: tsohon malaminsa na makaranta, ko mai koyarwa da ya ga aikinsa na watanni.

Wani tarko kuma: lissafi da lissafi mai zurfi takardu biyu ne a wurin hukumar jarrabawa, amma wasu kwasa-kwasai, musamman likitanci, sukan ƙi lissafa su a matsayin darussa biyu. A rubuta wa jami'ar a tambaye ta, a ajiye amsar da ta bayar a rubuce.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Yanzu mai biro da takarda ya matso kusa, domin za a ambaci lambobi.

Hukumomi biyu ne suka fi shahara a wannan fanni a Saudiyya: Cambridge International da Pearson Edexcel. Duka biyun na Birtaniya ne, duka ana karɓar takardunsu a jami'o'in duniya, amma tsarinsu ya sha bamban, kuma ba a haɗa rabin wannan da rabin wancan.

A Cambridge, lissafi na A Level lambarsa 9709, lissafi mai zurfi kuma 9231. Na sake faɗa: 9709 da 9231. Shi 9231 takardu huɗu ne. Biyu na tsantsar lissafi, kowacce awa biyu, maki 75. Ɗaya ta makanikis, wato lissafin motsi da ƙarfi, ɗaya ta ƙididdiga da yiwuwa, kowacce awa ɗaya da rabi, maki 50. Mai son cikakkiyar A Level sai ya zana duka huɗun. Yana iya zana su a zango ɗaya, ko ya raba biyu: ya fara da rabin farko da ake kira AS, wato takarda ta ɗaya da ɗaya daga cikin ta uku ko ta huɗu, sannan ya cika sauran daga baya. Amma rabin farkon nan yana da wa'adi. Wata 13 kawai ake ajiye wa mutum makinsa. Wanda ya zana a Yuni, ko dai ya ƙarasa a Nuwamba na shekarar, ko a Yuni mai zuwa. In ya wuce haka, sai ya faro daga tushe. Zango biyu Cambridge take da su a nan, na Mayu zuwa Yuni da na Oktoba zuwa Nuwamba. Kuma manhajar 9231 ta ɗauka cewa ka riga ka san abin da ke cikin 9709. Ba za ta tsaya maimaita maka ba.

Edexcel kuwa gunduwa-gunduwa take yi. Sassa 14 ne gaba ɗaya a lissafinta na ƙasashen waje: P1 zuwa P4, FP1 zuwa FP3, M1 zuwa M3, S1 zuwa S3, sai D1. Kowane sashe takarda ɗaya ce, awa ɗaya da rabi, maki 75. Sassa shida ke ba ka lissafi, wasu shida daban ke ba ka lissafi mai zurfi, ka ga 12 ke nan, kuma sashen da aka lissafa a wannan ba a sake lissafa shi a wancan. A lissafi mai zurfi FP1 wajibi ne, tare da aƙalla ɗaya daga FP2 da FP3. Ana zanawa sau uku a shekara, Janairu da Yuni da Oktoba, sai dai ba kowane sashe ake fitarwa a kowane zango ba. Na Oktoba musamman ƙuntatacce ne. Don haka a duba jadawalin shekarar kafin a tsara wanda za a fara da wanda za a ƙare.

Akwai wani abu a Edexcel da yake sa iyaye kuka. Zana sassa shida ba ya ba ka takarda da kansa. Sai ka sa wata lamba ta musamman a lokacin rajista, wadda ke ce wa hukumar ta tattara makinka ta fitar maka da daraja. Ta lissafi YMA01, ta lissafi mai zurfi YFM01. A makaranta jami'in jarrabawa ne ke tuna wannan. Kai da ba ka da makaranta, kai ne jami'in jarrabawar kanka. In ka manta, ranar sakamako za ka ga makin kowane sashe, amma ba za ka ga A ko B ba, alhali jami'a tana jira.

Sai batun littafi. Edexcel tana da manhaja biyu masu kama da juna: ta ɗaliban cikin Ingila, da ta ƙasashen waje. Littattafan da aka rubuta Core Pure a bangonsu na 'yan Ingila ne. Su suka fi yawa a intanet, su ma masu koyarwa a YouTube suka fi bi. Yaro zai iya shafe rabin shekara a kansu yana jin daɗi, sannan ya tarar tsarin jarrabawarsa wani ne. A sauko da manhajar daga shafin hukumar kanta, kyauta ce, a duba shekarar da aka rubuta a kanta ta dace da shekarar da za a zana, sannan a sayi littafin da ke ɗauke da lambar darasin.

Har a cikin lissafin kansa hukumomin biyu suna da bambancin da zai iya cin maki. Ƙarfin jan ƙasa, wanda ake rubutawa da harafin g, Cambridge 10 take so a yi aiki da shi, Edexcel kuma 9.8. Kalkuleta mai zana hoton lissafi a fuskarta Cambridge ta hana shiga da ita a waɗannan takardu, Edexcel ta yarda, muddin ba mai warware aljabara da kanta ba ce. Wanda ya saba da kalkuleta mai tsada a gida, ya je aka karɓe ta a bakin ƙofa, zai zana jarrabawar da hannun da bai saba ba.

Wacce ta fi? A ganina, ga wanda ba shi da malami, Edexcel ta fi sauƙin ɗauka. Ana biya kaɗan-kaɗan, ana gwada kai da sashe biyu a Janairu a ga inda aka tsaya, kuma sashen da bai yi kyau ba shi kaɗai ake maimaitawa. Ga wanda zai haɗa da fiziks ma akwai ƙarin dalili: ta Cambridge tana da takardar gwaji da hannu da sai an shiga ɗakin gwaje-gwaje, ta Edexcel kuwa a rubuce ake amsa tambayoyin gwajin. Amma in Najeriya aka nufa, sunan Cambridge ne ya fi zama a kunnen jami'an ɗaukar ɗalibai, don haka kada a zaɓi ɗayar sai an ji ta bakin jami'ar. Shi lissafi dai, a duka biyun, ba shi da gwaji ba shi da aikin gida da malami zai duba. Shi ya sa yake cikin darussan A Level mafi sauƙin zanawa ga mai zaman kansa.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan yadda wanda ya koya wa kansa lissafi mai zurfi zai samu wurin zana jarrabawa a Jidda.

Hukumomin nan ba sa yi wa mutum ɗaya rajista kai tsaye. Dole a bi ta wata cibiya da suka amince da ita. Ga mai zaman kansa a Saudiyya babbar ƙofa ita ce British Council, wadda ke da ofis a Jidda da Riyad da Khubar, kuma ta intanet ake cika fom ɗinta a biya. Ƙofa ta biyu ita ce makarantar da hukumar ta yi wa rajista, in ta yarda ta ɗauki ɗan waje. Ba dole ba ne a kanta, kuma da yawa ba sa yarda, amma tambaya ba ta cin kuɗi.

Iyaye, a nan nake roƙonku ku buɗe ido. Wurin koyar da darasi da yamma daban, cibiyar jarrabawa daban. Duk wanda ya ce ku kawo kuɗi zai yi wa yaro rajista, ku tambaye shi lambar cibiya. Ta Cambridge a ƙasar nan da haruffan SA take farawa, lambobi uku su biyo baya. Ta Edexcel lambobi biyar ce. Bayan an biya kuma, akwai takardar shaidar shiga jarrabawa da ke fitowa, ɗauke da sunan yaro da lambarsa da lambar kowace takarda da ranarta. Matuƙar wannan ba ta zo hannu ba, ba a gama ba. Masu tallar tambayoyin sata a WhatsApp da Telegram kuwa, mafi yawansu 'yan damfara ne, kuma wanda aka kama da hannu a ciki soke masa sakamako ake yi.

Rajista tana rufewa da wuri fiye da yadda hankali zai ɗauka. Jarrabawar da za a zana a Mayu, tun farkon shekara ake gama karɓar sunaye, ta Oktoba kuma tun ana tsakiyar hutun bazara, lokacin da rabin iyalanmu suna gida Najeriya ko Nijar. Bayan ranar farko akwai wa'adin makara, amma da tara, kuma tarar hawa take yi mataki-mataki. Sannan ranar da cibiya take rufe nata littafin takan riga wadda aka rubuta a shafin hukumar, domin ita ma tana buƙatar lokacin turawa. Ranar cibiya ita ce taka.

Sai suna. Wannan matsala tamu ce, mu mazauna nan. A fasfo an rubuta Muhammad, a igama, wato katin zama, an juya shi daga Larabci ya koma wani abu, a takardar sakandare an sa sunan kaka a gaba, wani ma an liƙa masa Hausawi a ƙarshe. Ranar haihuwa a wata takarda ta Hijira ce, aka juya ta zuwa ta Miladiyya aka samu saɓanin kwana ɗaya. Shawara ita ce a bi fasfo harafi da harafi, domin shi ne zai bi yaron duk ƙasar da ya je. A kuma tabbatar katin shaidar da aka yi rajista da shi ba zai mutu kafin ranar ƙarshe ta jarrabawa ba. Wanda fasfonsa ya kusa ƙarewa ya nufi ƙaramin ofishin jakadancin ƙasarsa a nan Jidda tun yanzu. A bakin zaure asalin katin ake nema, mai rai, ba hotonsa a waya ba. Yaron da bai kai shekara 18 ba kuma, sai uba ko uwa sun sa hannu a takardar izini, har da ko an yarda ya fita shi kaɗai bayan an tashi. Mai lalurar gani ko ji ko wata larura da ke buƙatar ƙarin lokaci, a faɗa tun ranar rajista tare da takardar likita. Ba a shirya wannan a safiyar jarrabawa.

Jadawalin a Ingila ake tsara shi, da kalandar Ingila. Tun 2013 hutun mako a ƙasar nan Juma'a da Asabar ne, amma a wurinsu Juma'a ranar aiki ce, kuma takarda tana faɗawa a cikinta. Babban abin ma shi ne Hajji. A 2025 ranar 5 ga Yuni aka yi tsayuwar Arfa, ana cikin zangon jarrabawa, kuma tunda kowace shekara Hajji yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya, shekarun da ke biye a tsakiyar zangon zai riƙa faɗawa. Mun san abin da wannan lokaci yake nufi a gidajen Hausawan Jidda da Makka. Lokacin nema ne. Uba yana hidimar alhazai, uwa tana girkin sayarwa, gida cike da baƙi daga ƙauye, motar gida ba ta zama. Yaron da ya saba taya mahaifinsa aiki a wannan wata, bana sai a ɗauke masa. Hukumar jarrabawa ba ta ɗage takarda domin gidanku ya yi baƙi. Wanda zai riƙa zuwa daga Makka kuma ya tuna shingayen da ake kafawa a hanyar shiga gari a watannin Hajji, ya tabbatar takardunsa za su bar shi ya koma gida. Jirgin ƙasa na Haramain, da ya fara aiki a 2018, yana tsayawa a Sulaimaniyya da filin jirgin sama, amma a wannan lokaci sai an kama tikiti da wuri.

Zangon Nuwamba da na Janairu su kuma da damina suke haɗuwa, in dai abin da Jidda take samu za a kira shi damina. Ruwan ba ya yawan zuwa, amma in ya zo mun san halinsa. Mun ga na Nuwamban 2009, mun ga na Janairun 2011, mun ga na 24 ga Nuwamban 2022 da ya rufe makarantu da hanyoyi. In an ga sanarwar ruwa, a duba saƙon cibiya kafin a yanke wa kai hukunci. Rufe makarantun gwamnati ba ya nufin an fasa jarrabawar da ake zanawa a ƙasashe da dama a rana ɗaya.

Mutanen Abhur, ku naku ƙarin shi ne nisa. Daga bakin ruwan Abhur zuwa tsakiyar gari kusan kilomita 30 ne, kuma na Abhur ta Arewa sai ya zagayo ruwan kafin ya hau hanyar Madina ko hanyar Malik. Zauren jarrabawa ba lallai ne ya zama ofishin da aka yi rajista ba, sau da yawa wani zaure ake kamawa a cikin gari, kuma sai jarrabawa ta matso ake sanar da wurin. Da an sanar, a je a gano shi da ido, a irin lokacin da za a fita ranar, domin hanyar da ke cin minti 25 bayan sallar Isha ba haka take ba da safe lokacin kai yara makaranta. A tsayar da wanda zai kai yaron, a tsayar da na biyu ko da na farko ya samu uzuri. Cambridge tana da wani lokaci da ta tsayar wanda dole kowane ɗan jarrabawa ya kasance a gaban masu tsaro, babu waya a hannunsa, don kada wanda ya gama a wata ƙasa ya tsegunta wa wanda bai fara ba. Saboda haka ana iya riƙe yara bayan sun gama rubutu, direba ya yi haƙuri. Wanda kuma ya iso bayan wannan lokaci, ko an bar shi ya zauna, hukumar tana iya ƙin karɓar takardarsa.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Bari in juyo gare ka, ƙanena, ko ke ƙanwata, mai karatun. Akwai wata cuta da ke kama wanda ya koyi lissafi shi kaɗai: tsallake mataki. Ba wanda ya taɓa duba aikinka, kai kaɗai kake karanta rubutunka, don haka ka saba yin layi uku a ka ka rubuta na huɗu. Mai duba takarda ba ya ganin cikin kanka. Makin waɗannan jarrabawa kashi-kashi ne: akwai na hanya, akwai na daidaiton amsa, kuma na amsa yawanci ba ya samuwa sai na hanya ya tabbata. Amsar da ta fito daga kalkuleta babu aiki a bayanta tana iya tashi ba maki ko ɗaya. Tambayar da aka ba ka amsar aka ce ka nuna yadda aka same ta, gaba ɗaya makinta a matakan yake. A Cambridge kuma amsar da ba cikakkiya ba, lambobi uku masu ma'ana ake so, sai in tambayar ta ce wani abu daban.

Maganin yana shafin hukumar. Tsofaffin tambayoyi suna nan, da tsarin rabon maki na kowace takarda, da rahoton da masu dubawa ke rubutawa bayan kowane zango suna faɗin inda ɗalibai suka fi zubar da maki. Wannan rahoto shi ne malamin da ba ka da shi, kuma kaɗan ne ke karanta shi. Ka zana takarda da agogo a gabanka, da ɗan littafin ƙa'idoji da za a ba ka a zaure, wanda na Cambridge ake kira MF19, domin ka san abin da ke ciki da abin da sai ka haddace. Sannan ko sau ɗaya a wata ka samu wanda ya san darasin ya duba maka da jan biro. Biyan malami awa biyu a wata don ya duba aiki ya fi biyansa awa ashirin ya karanta maka abin da ka riga ka sani.

In rashin lafiya ta kama ka ranar takarda, ka karɓi takardar asibiti a ranar, ka sanar da cibiya nan take. Akwai rangwamen da ake nema a irin wannan hali, amma ta hannun cibiya ake nema, kuma kwanakinsa kaɗan ne.

Sakamakon Yuni a Agusta yake fita, na Oktoba da Nuwamba a Janairu, na Janairun Edexcel kuma a Maris. Wanda yake ganin an tauye shi yana iya biya a sake duba takardarsa, ta hannun cibiya, cikin 'yan makonni. Ya sani dai maki yana iya hawa, yana kuma iya sauka.

Takardar sakamako ta farko ba ita ce satifiket ba. Shi satifiket sai bayan kamar wata biyu yake isowa cibiya, kuma shi ake bugawa hatimi in za a yi mu'adala. Da ya shigo hannu a duba suna da ranar haihuwa a wurin, kafin a bar ofishin. Cambridge ba ta sake buga satifiket ɗin da ya ɓata, sai dai ta ba da wata takardar tabbatarwa, ita ma da kuɗi. Iyalin da ke shirin komawa gida gaba ɗaya da bazara, satifiket ɗin Yuni zai iso bayan sun tashi. Kafin a buga huruj, wato bizar fita, a je cibiya a tambayi yadda ake wakilta wani ya karɓa, a rubuta takardar wakilcin, a bar ta hannun wanda zai zauna.

Nan za mu dakata a yau. Mai tambaya ya aiko ta hanyoyin da aka saba, za mu ɗauke su a shiri na gaba in Allah ya kai mu. A madadin waɗanda suka haɗa sauti, nake cewa mu kwana lafiya. Wassalamu alaikum warahmatullah.

(Kiɗan rufe shiri)